Lamba Arba'in da Uku

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Tawa ta yi.

A Valparaíso, hawa na uku, ɗakin da ke kallon teku,
nake zama da farar riga da agogo a tafi.
Aikina in yi wa tsofaffi ƙarya,
ƙarya mai izini, mai hatimin kwamiti,
shafi tara, sa hannu uku.

Eulogio Barraza ya hau matakala yana haki.
Shekara talatin da ɗaya yana jan tasi a tuddan garin nan,
ya san kowace kwana kamar yunwar cikinsa.
Ya cire hula, ya sa hannu a takardar yarda
bai karanta ba, tabaraunsa na gida,
ni kuwa ban ce ya koma ya ɗauko ba.

Kalma ashirin na jera masa:
gishiri, tsani, agwagwa, makulli, da sauransu.
Ya maido mini sha bakwai.
Sha bakwai! Ni mai ƙuruciya ban taɓa kaiwa ba.
Amma ƙuri'a ta jefa shi rukuni na biyu,
sai na sassauta murya yadda aka koya mini:
"Shida ka tuna, Don Eulogio.
Tsaranka kan ninka haka."

Abin da muke bi shi ne
ko tsoron mantuwa shi ke haifar da mantuwa.
Tambaya ce mai kyau. Har gobe zan ce mai kyau ce.

Hutun minti goma, ya fita baranda.
Da ya dawo, hannunsa na rawa,
zagaye na biyu tara kawai ya kamo.
Na rubuta tara. Raina ya yi fari,
kunyar wannan farin ran ce ba ta sake ni ba.

Sannan na buɗe shafin warware ƙulli:
"Ba gaskiya na faɗa maka ba, ƙwaƙwalwarka garau take."
Ya daɗe yana juya hula.
"Na riga na kira Ximena," in ji shi,
"na ce ta zo ta karɓi makullin mota.
'Yata, wacce zan gaskata, ke ta ɗazu ko ke ta yanzu?
Fuskar ɗaya ce. Muryar ma ɗaya."

Farfesa Olguín ya ce da ni a kan kofi:
"Kifi ba ya haɗiyar ƙugiyar da ya gani, Maite.
Gaya wa mutum tsoronsa kike aunawa,
tsoron ya shige ƙarƙashin gado.
Tsofaffi dubu nawa likita ke karya wa gwiwa da kalma ɗaya?
Don su muke yi."
Renata ta aje cokali:
"Wanda bai san ramin ba, yaya ya yarda ya faɗa?
Sa hannunsa muka samu, ba yardarsa ba."
Na saurari kowa, na ga kowa da tasa gaskiyar,
sai dai ba ɗayansu ne ya dubi idon mutumin ba.

Magana zarar bunu ce.
Mu kuwa mun tanadi fom na mayar da bunu,
minti biyar, da takardar godiya, da kuɗin mota.

An buga binciken. An yaba.
Yana nan a ciki, ɗigo guda gefen hagu na zane.

Bayan wata takwas na gan shi a kasuwar kifi,
ba mota, sai jakar leda,
da rubutun biro a tafin hannunsa:
burodi, albasa, maganin Ximena.
Mai kalma sha bakwai, yana duba hannu don uku.

Shi ya fara ganina.
Ya ɗaga hula, ya kira ni, suna da sunan mahaifi,
har ya tambayi tarin da nake yi ran nan.
Na buɗe baki in amsa,
ba abin da ya zo sai arba'in da uku.

Sunan da na faɗa muku a sama,
sai da na koma ofis na buɗe fayil.